Ko Kun Sani? Itatuwa Miliyan 200 Ba Tare da Dashe Ba

Ko kun san manoman kudancin Nijar sun dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a gonakinsu ba tare da sun dasa su ba? Abin ya faro ne a yankin Maraɗi a 1983. Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya sha fama da dashe, galibin itatuwan suna mutuwa saboda fari da awaki. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kafin damina tohon kututturan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai.

Dabarar, wato sassabin zamani, ba ta da wuya: a bar 'yan rassa masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Tunda saiwar ta riga ta kai ga danshi, itacen kan tashi da sauri fiye da dashe. Kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo ta haka, musamman da gawo, wanda ganyensa ke zama taki ga gero. A 2018 Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood.