Yadda Ake Toshe Kunnen Mai Laɓe a Cikin Iska

Duk sanda ka tsaya wajen mai POS a kasuwar Jega, ko ka danna lambobi a ƙaramar wayarka don tura wa dillalin albasa na Aliero kuɗinsa, saƙon yana bazuwa ne cikin iska ta kowace fuska. Duk mai na'urar kamawa a kusa zai iya tsintarsa. Kariyar da aka saba ita ce a kulle saƙon da lissafi. Matsalar ita ce, tun a 2009 aka nuna a Jamus cewa ana iya fasa A5/1, makullin tsohon layin 2G, ga shi kuma ƙananan wayoyinmu da yawa a kansa suke har yau.

To, akwai wata dabarar: a hana mai laɓen jin saƙon da kyau tun farko.

Ka ɗauka kana yi wa abokinka raɗa a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Shi yana jin ka sarai, amma na nesa kaɗan surutu kawai yake ji. A 1975 Aaron Wyner na Bell Labs a Amurka ya tabbatar da wannan da lissafi: muddin hanyar mai laɓe ta fi ta mai karɓa hayaniya, ana iya tsara saƙo yadda kusan babu abin da zai tsinta, komai ƙarfin kwamfutarsa.

Idan kuma mai laɓen ya fi ka kusa da turken sadarwa fa? Nan ne injiniyoyi ke sa turke mai eriya da yawa ya saita sigina zuwa wayarka kamar hasken tocila, sannan ya watsa hayaniya da gangan a sauran kusurwoyi.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta uku. Sigina na karo da rufin kwano, bango da manyan motoci kafin ya iso, kuma wannan karkacewar iri ɗaya wayarka da turken ke gani. Daga ita sai su ƙirƙiri makullin sirri ba tare da sun aika shi ba. A zangon megahaz 900, wanda ya matsa da kamar santimita 16 daga gare ka wata karkacewar daban zai gani.

Galibin wannan yana matakin bincike ne, kuma ƙari ne a kan makullin lissafi. Eriyoyi masu yawan da yake buƙata sun fi samuwa a turakun 5G, wanda MTN ta fara kunnawa a Najeriya a 2022, daga manyan birane.