Ku Duba Redis Ɗinku Kafin Wuta Ta Ɗauke

'Yan uwa masu gina manhaja, musamman ku da kuke yi wa 'yan adashi, shaguna da masu POS aiki: in lissafin kuɗin jama'a yana zaune cikin Redis, kuma ba ku taɓa buɗe fayil ɗin redis.conf ba, ku ajiye duk abin da kuke yi ku buɗe shi yau.

Tun da Salvatore Sanfilippo, ɗan Italiya, ya fitar da Redis a 2009, ya shiga ran masu sana'armu saboda sauƙinsa. Ka laƙa wa abu suna, ka ajiye, ka kira sunan ya fito nan take. Sai dai wannan sauri daga RAM yake, ita kuwa RAM da wuta ta ɗauke ta mance komai. Abin da ya riga ya sauka kan faifai shi kaɗai ke tsira.

To, yaushe yake sauka? Idan ba ka canja masa tsari ba, Redis 7 yakan kwafe bayanansa zuwa faifai bayan daƙiƙa 60 in an yi sauyi 10,000, ko bayan minti 5 in an yi sauyi 100. In ba a kai haka ba, sai bayan awa guda cur. Ku lura da wanda abin ya fi shafa. Babban kamfani da ake ta hada-hada a manhajarsa zai rasa aikin minti ɗaya. Mai shago a Kantin Kwari, wanda ba ya ciniki ɗari a awa guda, zai iya rasa cinikin awa ɗaya. Baiwar Allah ta zuba adashinta, an nuna mata ya shiga, janareto ya mutu, sabar ta tashi babu ko alamar kuɗin. Wa za a ƙaryata? Ita, mana, tunda kowa ya yarda kwamfuta ba ta ƙarya. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Gyaran layi biyu ne: appendonly yes, sannan appendfsync everysec. Daga nan Redis zai riƙa rubuta kowane sauyi a jere, asarar ta tsaya kusan daƙiƙa ɗaya.

Wani zai ce ai yana da sabar ta biyu mai kwafar ta farko. Kada ka saki jiki. In ka kashe ajiya a babbar don ta ƙara gudu, ka kuma saita ta riƙa tashi da kanta, ranar da ta faɗi za ta tashi fanko. Ƙaramar kuwa bin ta kawai ta sani, sai ta goge nata don ta yi daidai da ita. Masu Redis da kansu sun yi kashedi a kan wannan.

Haka in ka zaɓi allkeys-lru, da zarar wuri ya cika Redis zai fara zubar da abin da aka daɗe ba a taɓa ba, bai san bambancin tarkace da bashin wani ba. Ƙofar Redis ta 6379 kuma kada a bar ta a buɗe ga intanet babu kalmar sirri. Tun fitowa ta 3.2 akwai kariya a kanta, amma mutane na kashewa don aiki ya yi sauri, ɓarayi su shigo su share komai da FLUSHALL, ko su dasa manhajar haƙar kirifto.

Ni dai a ganina, kuɗi da bashi su zauna a rumbu irin PostgreSQL, Redis ya riƙe abin da in ya ɓata za a iya sake haɗawa. In kuma lallai a nan za ku bar su, ku ɗauki kwamfutar gwaji a daren yau, ku shigar da ciniki goma, ku zare wayar wuta daga bango, ku kunna, ku ƙirga nawa suka dawo.