Inda Zagi Ya Zama Saɓo

A shekarar 863 wasu 'yan'uwa biyu daga Tasalonika, Kirilus da Metodiyus, suka isa ƙasar Morabiya domin yi wa Silabawa wa'azi da harshensu. Su da almajiransu suka fassara Linjila daga Girkanci. Da suka zo kan ɓatanci ga Ubangiji, sai suka ɗauki wata kalma da ke bakin jama'a, "hula", ba hular kai ba, kalmar kushe da aibatawa. Har gobe tana nan a Rashanci. Masana sun rabu a kan tushenta. Wasu na danganta ta da fi'ilin lanƙwasawa, wato ƙasƙantar da mutum, wasu kuma na ganin uwarsu ɗaya da "hvala", yabo.

Hausa ma haka ta yi. Saɓo daga saɓawa ya fito, irin saɓa alkawari ko saɓa hanya, malamai suka ɗora masa nauyin bijire wa Allah. Zagi da ashar kuwa aka bar su a kasuwa da tasha.

Amma a yankin Arewa na Nijar, daga Dogonduci zuwa Dumega da Tibiri, nauyin zagi yana ga wanda ya furta shi. Bafulatani zai tsaya tsakiyar kasuwa ya kira dattijon Ba'are, wato mutumin Arewa, bawansa, dattijon ya rama da abin da ya fi haka zafi, su kwashe da dariya, ciniki ya ci gaba. Taubasantaka ce, wadda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Baƙon da ya kwaikwayi wannan magana, sai an kai ga gaban mai gari.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar kalmar "azna". A Arewa suna ne na masu riƙe da addinin gargajiya, 'yan ƙasa masu kula da tsafi, irin mutanen Lugu da Bagaji, kuma da bakinsu suke kiran kansu haka. Da Musulunci ya game yankin a ƙarni na 20, sai sunan ya fara ɗaukar ɗacin da "arne" ke da shi a Kano. Yau yaro na iya jifar ɗan'uwansa da kalmar cikin faɗa, alhali Sarauniya Mangu, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, shugabar azna ce.