Tabkin Madarunfa: baƙin ɗari sun sauka, amma masaukin yana cikewa da rairayi

Duk wanda ya taso a ƙauyukan Katsinar Maraɗi ko na Gobir ya san ba a bukatar rediyo kafin a gane damana ta ƙarato. Ranar da aka wayi gari aka ga shamuwa ta sauka bisa tsamiya ko kukar tsakiyar gari tana jan kirare don gyaran sheƙa, ranar ce manomi zai soma duba hauyarsa da irinsa. Shamuwa baƙuwa ce mai daraja, ba a jifarta, ba a ɗaukar ƙwanta. Abin da mutane kaɗan suka lura da shi shi ne, sa'ad da ta tattara ƴaƴanta ta yi kudu bayan an yi girbi, wasu baƙin ne ke sauka a madadinta, kuma su daga arewa mai nisa suke fitowa, daga bayan hamada da bayan teku. Mai son ya gan su da idonsa ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Tabkin Madarunfa yana nan kimanin kilomita 25 kudu da birnin Maraɗi.

Tabkin da kewayensa

Madarunfa shi ne tabki mafi girma a jihar Maraɗi, kuma yana cikin ƴan tsirarun da ba su ƙafewa ƙurmus da rani. In ruwa ya cika yakan mamaye kusan hekta 800, sa'an nan ya riƙa ja da baya sannu a hankali har zuwa bazara. Ruwansa daga Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi yake samuwa, su kuwa daga ƙasar Najeriya suke gangarowa. A gefensa akwai gandun daji na gwamnati, akwai kuma kaburburan da ake cewa na waliyyai 99 ne, waɗanda jama'a ke zuwa ziyara daga nesa. Waɗannan abubuwa uku, wato daji da tabki da kaburbura, su ne Nijar ta shigar tare a 2006 cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

A watan Disamba na 2019 aka sanya tabkin cikin jerin yarjejeniyar Ramsar, tare da tabkin Gidimuni na jihar Damagaram. An ƙulla wannan yarjejeniya a 1971 a wani gari na ƙasar Iran mai wannan suna, domin kiyaye fadamu da tabkuna masu muhimmanci ga duniya, Nijar kuwa ta shiga cikinta a 1987. Yau ƙasarmu tana da wurare 14 cikin jerin, ciki har da tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi a jihar Tawa. Ya kamata mai karatu ya gane cewa shiga wannan jeri ba ya hana su, ba ya hana noma ko shayar da dabbobi. Alkawari ne ƙasa ta ɗauka cewa za a ci amfanin wurin ba tare da an kashe shi ba.

Shekarar tabki, daga damana zuwa bazara

Da damana, tabkin na ƴan gida ne. Baɗo yakan rufe gefen ruwa, taka-a-baɗo yana yawo bisa ganyensa da dogayen yatsunsa kamar mai tafiya kan tabarma. Kwaɗi su cika dare da kuka, gaiwa ta fito daga cikin laka inda ta yi kwanan rani a dunƙule, tarwaɗa da gargaza su bi sabon ruwa cikin ciyawa su zuba ƙwai. A wannan lokaci ne shamuwa ke kiwon ƴaƴanta, kuma yawancin abincinta fara ne da sauran ƙwari, saboda haka alherin da manomi ke yi mata ba ya faɗuwa ƙasa banza. Balbela ma tana bayan shanu tana irin wannan aiki.

Daga watan Satumba zuwa Oktoba al'amari ya soma juyawa. Shamuwa ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damana ke somawa sa'ad da tamu ke ƙarewa. Tsuntsayen Turai kuwa sun gudo daga sanyin da ke daskarar da ruwan ƙasashensu. Daga cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa da Faransawa ke kira sarcelle d'été, wadda nauyinta bai kai rabin kilo ba, namijinta yana da farin layi bisa ido. Tana ƙyanƙyasa a Turai da ƙasar Rasha, amma kusan dukkan waɗanda ke yammacin wannan yanki a Afirka suke cin ɗari, mafi yawa a bakin kogin Senegal, da fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali, da yankin tabkin Cadi. Ƙananan tabkuna irin namu su ne zangon da ke tsakanin waɗannan manyan masaukai. Akwai kuma ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da tsinin baki da ke cakar laka a bakin ruwa, irin su wanda ake kira combattant, da galantoyi, babban ɗan'uwan shamuwa mai farin jiki da jan baki.

Watannin Disamba da Janairu da Fabrairu su ne lokacin cikar kasuwa. Ƙananan tabkunan daji sun ƙafe, saboda haka na gida da baƙi duk sun taru inda ruwa ya saura. A nan za ka ji kirinjijiya tana fito cikin garke tun kafin ka gan ta, ka ga zalɓe tsaye shiru cikin ruwa yana dakon kifi, ka ga ƙeƙuwa tana ihu bisa kan duk wanda ya matso, wani lokaci kuma ka yi sa'ar dinya. Daga watan Maris baƙin Turai su soma cin abinci ba ji ba gani, suna tara kitse, domin gabansu akwai hamada ta kusan kilomita 2.000 wadda ba ta da wurin kiwo. Kafin ƙarshen Afirilu sun tafi. Tabkin ya koma tsakiya, tsari yana shan hantsi bisa busasshiyar laka, har watan Mayu ya kama shamuwa ta dawo.

Yadda aka gane hanyarsu

Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba. A 1822 aka harbo wani galantoyi kusa da garin Klütz na ƙasar Jamus, sai aka tarar da mashin Afirka soke a wuyansa, ya taso da shi tun daga nan. Har yau gawarsa tana ajiye a jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta na ƙasar Danmak mai suna Mortensen ya soma sanya ma tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, kuma da wannan dabara aka riƙa gano hanyoyinsu. Saboda haka in masunci ko mafarauci ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, ba sihiri ba ne, ba kuma abin tsoro ba. Lamba ce da adireshi, kuma abin da ya dace shi ne a kai shi ga ma'aikatan ruwa da gandun daji.

Wani darasi ya zo a 1969. Da bazarar wannan shekara masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan ƙaramin tsuntsun shinge, wanda Faransawa ke kira fauvette grisette, ya ragu da wajen kashi biyu cikin uku, alhali a can babu abin da ya same shi. Sai daga baya bincike ya nuna cewa ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968 ne ya kashe shi, wato mafarin farin da ya kai mu ga yunwar 1973. Tsuntsu ya riga hukumomi ba da labari. Tun daga nan masana suka tabbatar cewa yawan wasu tsuntsayen da ke komawa Turai kowace shekara yana bin yawan ruwan da ya kwanta a fadamunmu.

Wannan ne ya sa ake ƙidayar tsuntsayen ruwa kowane watan Janairu, aikin da aka soma a duniya a 1967, aka faɗaɗa shi zuwa Afirka a 1991. Ƙidayar da aka yi a Nijar cikin shekarun 1990 ta nuna cewa tsuntsayen ruwa wajen miliyan ɗaya ke cin ɗari a kogi da tabkunan ƙasar nan. Nijar tana da tabkuna kusan 1.000, amma kimanin 175 ne kawai ke riƙe ruwa shekara duka. Wannan lissafi shi ke nuna darajar Madarunfa.

Abin da ke cin tabkin

Babbar cutar tabkin ita ce rairayi. Yayin da aka sare itatuwan tudu aka nome gangare har bakin ruwa, ruwan sama ba ya samun abin da zai tare shi. Sai ya kwaso ƙasa ta ƙoramu ya zuba cikin tabki. Kowace damana gindin tabki yana tasowa, zurfi yana raguwa, ruwa marar zurfi kuwa rana da iskar hunturu sun fi saurin shanye shi. Tabkin da ya ja baya da wuri yakan bar baƙi ba abinci daidai lokacin da suke bukatar kitsen ƙetare hamada.

Na biyu shi ne ruwan da ke shigowa. A ƙarshen shekarun 1980 Najeriya ta gina madatsar Jibiya bisa kogin Gada, wanda shi ne kan Gulbin Maraɗi, kuma tun daga nan ambaliyar da ke cika fadama ba ta zuwa yadda ta saba. Ƙasashen biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri a 1990 domin raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, kuma Gulbin Maraɗi yana cikin kogunan da aka ambata. Takarda tana nan. Abin da ke gaban ma'aikatanmu shi ne su riƙa tuna ma ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka da ita, da lissafin ruwa a hannu.

Na uku daga hannunmu yake. Tun bayan farin 1984 noman rani ya bunƙasa a bakin tabkuna, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina shi, domin ya rufa ma gidaje da yawa asiri. Amma maganin ƙwarin da ake saye ba takarda a kasuwa, a fesa shi dab da ruwa, a wanke tankin feshi cikin tabki, yana kashe ƙwarin ruwa da ƴaƴan kifi waɗanda su ne abincin tsuntsu da babban kifi. Haka kuma koma mai ƙananan idanu, da farautar da ba ta bin ƙa'ida, alhali dokar farauta ta 1998 ta tanadi lokaci da izini da irin dabbobin da aka hana taɓawa. Gauraka, wanda kakanninmu suka sani a fadamun ƙasar Hausa har ya shiga tatsuniya, yau ganinsa sai an yi da gaske.

Ina ruwan ɗan kasuwa da ma'aikaci?

Wani zai ce: ana fama da tsadar hatsi, wa ke ta agwagwar Turai? Amsar ita ce, abin da tsuntsun ke bukata shi ne abin da masunci da mai garka da makiyayi ke bukata, wato ruwa mai tsabta da zai kai bazara. Kifin da ake soyawa a kasuwannin Maraɗi, da tumatir da albasar da ake lodawa a mota, da shanun da ake shayarwa kafin a kai su kara, duk daga ruwa guda suke. Tsuntsu dai ya fi kowa saurin gane ruwan da ya lalace, domin shi yana da fiffike, ba ya jiran taron ƙoli kafin ya sauya masauki. Ranar da garkunan Janairu suka daina sauka, ɗan kasuwar kifi ya soma neman wata sana'a.

Maganin kuwa sananne ne, ba sai an kawo shi daga waje ba. A bar tazara tsakanin gona da bakin ruwa a dasa itatuwa, a tare ƙoramu da duwatsu tun daga tudu, a kyale sabon toho ya girma cikin gonaki kamar yadda manoman jihar Maraɗi suka riga suka gwada ma duniya, a mutunta lokacin hutun su da masunta da hukuma suka shata, a kuma ba ma'aikatan gandun daji abin hawa da man da za su yi ƙidayar Janairu ba fashi. Attajiran Maraɗi da ke gina masallatai da rijiyoyi suna iya sa hannu a nan ma, domin raya ruwa sadaka ce mai gudana.

Ga mai son zuwa kallo

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, daga fitowar rana zuwa hantsi, ko kuwa bayan la'asar. A sa tufafi marasa ƙyalli, a bar rana a bayan kai, a zauna wuri guda a yi shiru, domin mai haƙurin rabin sa'a yakan ga abin da mai zagaye tabki da babur ba zai gani ba. Madubin hangen nesa yana taimakawa, amma ido da littafin rubutu sun isa farawa. A fara gaida sarkin ruwa da masunta, su ne suka san inda kowane garke ke kwana. Kada a taɓa mushen tsuntsu, sai dai a sanar da ma'aikatan dabbobi, domin ba a manta da murar tsuntsayen da ta ɓulla a Magarya a 2006 ba. Tun da yake yankin iyaka ya sha fama da ƴan fashi a shekarun nan, a nemi shawarar hukumomin Madarunfa kafin a tashi, a je da rana a dawo da rana.

Malaman lakwal kuma su gwada kai yara ko da sau ɗaya a shekara. Yaron da ya ga agwagwar da ta taso daga Rasha tana kiwo kusa da garkar babansa ya koyi labarin ƙasa fiye da abin da allo zai koya masa, kuma shi ne gobe zai hana a wanke tankin feshi cikin tabki. Kakanninmu sun koya mana girmama shamuwa don tana zuwa da albishirin ruwa. Baƙin ɗari ma suna da nasu saƙo: muddin suna sauka, tabkin yana da rai. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kuma ba mu ikon riƙe abin da ta bar mana.