Cajar Waya A Tsohuwar Mota: Daga Ina Za A Jawo Wuta?

Duk mai hawa motar haya daga Gusau zuwa Tsafe ko Bungudu ya san yadda ake rububin cajar direba. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ba su zo da ramin USB ba, sai dai mai wayarin ya saka. Matsalar tana wurin da ya jawo wutar.

Idan ya haɗa kai tsaye da batir, cajar za ta riƙa shan wuta ko an zare makulli, musamman mai ƙaramin allon nuna lamba. Mota ta yi kwanaki a ajiye, sai turi. Ana buƙatar wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli.

Nan ne wasu ke bin hanya mafi sauƙi, su jona da wayar kwayil. Kada ka yarda. A wasu motoci masu kwantak akwai rizisto da ke rage wutar wannan waya ƙasa da volt 12. Idan kuma an cire kwantak an saka na'urar kunna inji ta lantarki, ita ma tana son cikakkiyar wuta daga wannan layin. Cajar gaggawa tana iya jan amp 2 zuwa 3. Ɗora mata wannan nauyi kan sa inji ya riƙa shaƙewa ko ya mutu, kuma ba wanda ke son mota ta tsaya masa a hanyar Tsafe da yamma.

Maganin shi ne rile, ɗan akwati mai ƙafa huɗu. Ƙafa 30 ta tafi batir, da fis na amp 5 ko 10 dab da kan batirin. Ƙafa 87 ta tafi caja, 85 a ɗaure ta a jikin mota, 86 kuma ta karɓi wayar makulli, wadda a motocin Turai ake yi wa lamba 15. Rile ɗin ba ya jan fiye da kashi ɗaya cikin biyar na amp, don haka layin inji ba ya jin nauyinsa.

Kafin ka biya kuɗin aiki, ka ce a sa mita a bakin cajar: sifili idan an zare makulli, wajen volt 14 idan inji na aiki.