Da Wuya Birki Ya Tsinke Bai Yi Gargaɗi Ba

Direbobin da ke bin hanyar Jos zuwa Akwanga sun san Hawan Kibo, doguwar gangarar da ke tona asirin tsohuwar mota. Da an yi haɗari sai a ce birki ne ya tsinke. Alhali kuwa birki yakan yi makonni yana kuka, mai motar ne bai saurara ba.

Kunne ke fara ji. Ƙara mai tsini idan an taka, alama ce takalmin birki ya kusa cinyewa. Da kaurinsa ya sauko milimita 3, a sake shi. In har aka ji gurnanin ƙarfe na gugar ƙarfe, to an makara, diski ya fara karcewa, kuɗin gyara ya ninka. Motar da ke fizgewa gefe guda kuwa, galibi wata ƙafa ce ta cije ko ta daina kamawa.

Babban aikin yana wajen man birki. Idan feda ta yi laushi, sai an buga ta sau biyu kafin ta kama, iska ta shiga bututu. Nan ne za a ga makaniki kwance a gindin taya da sifana, yaronsa a kujerar direba, yana yi masa tsawa: “Buga! Riƙe! Saki!” Yana kwance ɗan noti, mai na fita da kumfa, har kumfar ta ƙare. Amma idan aka ɗora ƙafa feda ta riƙa nutsewa a hankali, kuma babu yoyo a ƙasa, robobin masta, wato famfon da ke tura man birki, ne suka mutu.

Abin da masu tsofaffin Golf da Peugeot 504 ba su cika sani ba shi ne, man birki yana shan laima daga iska. Sabon man birki samfurin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. A doguwar gangara, da lodi, ƙafa na kan birki, man ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa babu komai. Shi ya sa ake sake shi duk shekara biyu, ake kuma sauka gangara da ƙaramar giya.

Sai kuma dabarun ganganci. Wani ya ɗura ruwan omo a madadin mai, ya tsatsar da bututu. Wani ya zuba baƙin mai, robobi su kumbura. Wani ma toshe bututun da ke yoyo yake yi da ƙusa, ya ci gaba da ɗaukar fasinja da birkin ƙafa uku. Wannan ba tattali ba ne, kasada ce da rayukan mutane.

Mai tsohuwar mota ya riƙa buɗe bonet duk mako yana duba man birki. In ya ga yana raguwa, kada ya tsaya ga ciko, ya kai ta gareji a nemo inda yake zuba.