Masa Mai Zaƙi Ba Alkama: Yaya Za a Ci Ba a Yi Teɓa Ba?

Masu iya magana suka ce abincin wani gubar wani. Duk wanda ya taɓa zama wajen mai shayi da sassafe a Hajj Yusuf, ko a bakin Suƙ Sitta, ya san yadda ake ajiye zalabiya mai zafi, an barbaɗe ta da sukari, kusa da kofin shayi da madara. Ga yawancinmu wannan karin kumallo ne mai daɗi. Amma akwai 'yan'uwanmu waɗanda loma guda ta wannan zalabiya za ta jawo masu kwana biyu suna murƙususu da ciwon ciki, domin jikinsu ba ya shiri da alkama ko kaɗan.

Wata baiwar Allah maƙwabciyarmu tana cikin irin waɗannan. Ta yi shekaru tana fama da gudawa da kumburin ciki da ƙarancin jini, ta rame har ana cewa ko sammu ne, kafin likita ya gano cewa alkama ce ke cutar da ita. Ta bar burodi da gurasa, ta koma wa kisra da masa, ta kuwa sami sauƙi. Bayan kamar shekara guda sai ga ta da wani sabon kuka. Ta ce mini, "Yaya, ciwon ciki ya tafi, amma dubi yadda na zama. Rigunana duk sun matse ni, gwiwa kuma ta fara ciwo." Wato an gudu ba a tsira ba. Kukan nata ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna wannan al'amari da masu karatu.

Da farko dai, mece ce wannan cuta? A cikin alkama da sha'ir da wata 'yar'uwarsu ta ƙasashen Turai da ake kira rai, akwai wani sinadari mai danƙo da likitoci ke kira gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi, ya riƙe iska, burodi ya tashi. A jikin wasu mutane, idan gulutin ya isa ƙaramin hanji, sai garkuwar jiki ta far wa hanjin da kansa, ta lalata 'yan ƙananan tsirgunan da ke tsotse amfanin abinci. Sai mutum ya yi ta ci amma jiki ba ya amfana. Sunan cutar siliyak, a nan Sudan kuma an fi cewa hasasiyyar alkama. An ƙiyasta cewa tana kama kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da laifin alkama. Ya lura cewa a lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, da burodi ya yanke, yaran da ke da wannan ciwo sun sami sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo. Ya rubuta sakamakon bincikensa a 1950. An daɗe ana zaton ciwon Turawa ne kawai, amma tun 1978 aka buga rahoton samunsa a jikin yara 'yan Sudan, a 1999 kuma wani bincike a kan yaran Sahrawi na yammacin Sahara ya gano shi a jikin fiye da 5 cikin 100. Har yau ba shi da wani magani in ban da barin alkama da danginta iyakar rayuwa.

To a nan ne Allah Ya yi mana gata. Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka da ƙafa, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa garin Mai Wurno, da gero da dawa suka saba, suka kuma tarar da mutanen Sudan suna cin kisra da asida na dawa. Burodin alkama daga baya ne ya mamaye birane, har ya kai ga ƙarin kuɗinsa daga fam 1 zuwa fam 3 ya tayar da zanga-zangar Atbara a Disamba 2018. Dawa, ko fatarita ce ko tabat, da gero da masara da shinkafa da rogo, duk babu gulutin a cikinsu. Ke nan masa ko waina, da sinasir, da nakiya, da fura, halal ne ga mai wannan lalura. Waɗanda za a guje wa su ne funkaso da alkaki da gurasa da zalabiya da basbusa da ka'ak da taliyar sha'iriyya.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Mata da yawa sukan zuba 'yar fulawa a ƙullun kisra ko na masa don ya yi laushi, saboda haka a tambayi mai tuya kafin a saya. Na biyu, injin niƙan da ya niƙa alkama yanzu, idan aka zuba masa dawa, garin ya gauraya ke nan. Ƙa'idar duniya ita ce ba a kiran abinci marar gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba, kun ga ɗan ɓurɓushi ma ya isa ɓarna. A ware rariya da muciya da kasko na mai lalurar daban.

Yanzu mu koma ga kukan maƙwabciyarmu. Me ya sa ta yi ƙiba? Dalili na farko alheri ne: hanjinta ya warke, ya koma tsotse abin da a dā yake wucewa a banza, ita kuwa ba ta rage yawan cin da ta saba ba. Dalili na biyu shi ne kuskuren da mutane da yawa ke yi, na zaton duk abin da babu alkama a cikinsa ba ya sa ƙiba. Ba haka ba ne. Garin shinkafa da na alkama ƙarfinsu kusan ɗaya ne, wajen kalori 360 a giram 100. Biskit da kek na kanti da aka rubuta wa babu gulutin kuwa, yawanci sitacin masara ko na rogo ne, kuma akan ƙara masu mai da sukari don a rufe rashin danƙo. Ga tsada, ga rashin ƙosarwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne mai da sukari. Babban cokali guda na man gyaɗa ko na riɗi yana da kalori kusan 120, ƙaramin cokalin sukari kuma kusan 16. Ku duba yadda ake malala mai a kowane gurbin tanda, sa'an nan a tsoma masar a sukari ko zuma, a kora da shayi mai cokali uku ko huɗu. Mu a ƙasar da ke da kamfanin sukari na Kenana, hannunmu ya saba da sakin sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, in da hali ma 6. Kofi uku na shayinmu kaɗai sun cinye wannan kason tun ba a taɓa masa ba.

Ba muna cewa a ƙaurace wa zaƙi ba ne, domin wanda aka raba da burodi, in an sake raba shi da masa, da wuya ya jure. Dabara ake yi. A raba shinkafar ƙullu biyu, a cike rabin da gero ko dawa da ba a surfe su sosai ba, domin dusar tana riƙe ciki. A bar ƙullun ya kwana ya yi tsami yadda ya kamata, tsamin zai ba da ɗanɗanon da zai rage bukatar sukari. A rage rabin sukarin da aka saba, a ƙara citta ko kanumfari ko habbahan don ƙamshi. Maimakon zuba mai da ludayi, a shafa shi a tanda da ɗan tsumma mai tsabta. Dabino da zuma sun fi farin sukari daɗi, amma su ma zaƙi ne, a auna su.

Haka nan a kula da yadda ake ci. Masa biyu ko uku tare da ful ko adas ko ƙwai ko miyar taushe sun fi masa takwas da shayi kai mutum azahar. Mai zaƙin a mayar da ita ta ranar Juma'a ko ta baƙi, a ci da rana, ba lokacin kwanciya ba. A ɗebi rabon mutum a faranti, domin a tire ɗaya da jama'a ba a sanin abin da aka ci. A haɗa da tafiyar ƙafa ta minti 30 sau 5 a mako. Igiyar awon tela ma ta isa ma'auni: idan ƙugun mace ya haura santimita 80, na namiji 94, lokacin lura ya yi, musamman inda akwai ciwon sukari ko hawan jini a gida.

Mun san cewa tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, gidaje da yawa a Hajj Yusuf da Omdurman sun ga lokacin da samun abin sawa a baki shi ne damuwa, ba rage teɓa ba. Don haka muna tunatar da masu dafa abincin takiyya da masu rabon sadaka cewa idan wani ya ce ba ya cin burodi, ba iyayi ba ne, a ba shi kisra ko shinkafa. Yaron da ke da wannan lalura kuma gina jiki yake bukata, kada a takura masa da ragin abinci.

A ƙarshe, wanda yake zargin yana da cutar, ya je a gwada jininsa tun bai bar alkama ba, domin in ya riga ya bari gwajin zai iya ɓoye gaskiya. Maƙwabciyarmu dai ta rage shayinta zuwa cokali ɗaya, tana kuma toya masar gero ranar Juma'a, ta ci uku ta aika mana da sauran. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.